Mai Zane a Yamai: Tsakanin Mai Yabo da Mai Biya

A shekarar 2024 cibiyar al'adun nan ta tsakiyar Yamai, wadda aka daɗe ana kira da sunan Jean Rouch tun tana hannun Nijar da Faransa tare, ta koma hannun Nijar ita kaɗai, aka kuma sa mata sunan Moustapha Alassane. Mutane da yawa sun kalli abin ta fuskar siyasa, kuma akwai siyasar a ciki, domin a shekarar ce aka sauya sunayen tituna da dandali da dama a birnin. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin mutumin da aka zaɓa. Mai zane ne. Fensir ya fara riƙewa kafin na'urar ɗaukar hoto, kuma abin da duniya ta fi saninsa da shi har gobe kwaɗi ne da ya zana da hannunsa, ya sa suka yi motsi. Ƙasar da ta ɗora sunan mai zanen kwaɗi a kan babbar cibiyar al'adunta ta ɗauki nauyin amsa wata tambaya: yaron da ke zane a bayan kayensa yau, yaya yake farawa, wa ke duba aikinsa, kuma maganar wa ke da nauyi a kan hannunsa?

Kowane aji na lakwal yana da irin wannan yaro, ko yarinya. Shi ne wanda malam kan kira ya zana taswira ko zuciyar ɗan Adam a allo. A shafukan ƙarshe na kayensa akwai Son Goku da Naruto na zanen Japan, akwai ɗan kokowa Issaka Issaka ya ɗaga takobi, akwai malamin lissafi da hanci ya yi biyun nasa. Abokai kan kewaye shi lokacin hutu suna cewa, "Kai, wannan yana da hannu!" Daga nan sai, "Zana ni, don Allah." Idan ya ɗan girma ya fara jera zanen cikin akwatuna, wannan na bin wannan, da magana a bakin mutanen, ya shiga abin da 'yan boko ke kira bede ke nan, labari cikin zane. A wannan mataki ba ya rasa masoya. Fadarsu kaf masoyansa ne. Matsalar tana fitowa ranar da ya ce aikin nan na sayarwa ne. Wanda jiya ya rantse bai taɓa ganin hannu irin nasa ba, yau shi zai ce, "Haba, don wannan ɗan zanen?" A gida kuma maganar ɗaya ce, daga baba har kawu: zane wasan yara ne, a nemi sana'a.

Ba na ganin laifin iyayen ƙwarai. Uba yana duba unguwa ne ya ga wa ya gina gida da me. Ya ga tela, ya ga makanike, ya ga mai kabu-kabu, ya ga ma'aikacin gwamnati. Mai zanen da ya sani shi ne mai rubuta allon shago da zana kawunan aski a bangon wanzami, ko mai yi wa manyan motoci ado. Waɗannan sana'o'i ne na mutunci, kuma a nan yawancin masu hannu ke ƙarewa. Sai dai babu labari a cikinsu, yaron kuwa labari yake son bayarwa.

Shi kansa Moustapha Alassane, Allah ya jiƙansa, ta sana'ar da uba zai yarda da ita ya biyo. An haife shi a 1942, ya koyi kanikanci, zane kuwa ba wanda ya koya masa. Tun yana yaro yake haɗa fitila da siffofin da ya yanka ko ya zana, ya jefa inuwarsu mutanen gari su taru suna kallo. Wannan farko yana da muhimmanci a wurina, domin yana nuna mutumin ya samu 'yan kallo kafin ya samu kayan aiki, ya san inda mutane ke dariya da inda suke gajiya tun bai san akwai makarantar wannan abu ba. Hannun nan nasa ne ya kai shi cibiyar bincike ta IFAN da ke Yamai, wadda daga baya ta zama IRSH, inda ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya finafinai. Rouch ya nuna masa aikin silima, ya kuma buɗe masa hanyar zuwa Kanada, hukumar finafinan ƙasar, inda ya haɗu da Norman McLaren, ɗaya daga cikin gwanayen motsa zane na zamanin.

A 1962 ya fitar da Aouré, ɗan gajeren fim a kan aure a ƙauyen Zabarmawa, da La Bague du roi Koda. Waɗannan da mutane aka yi su. Sai a 1965 kwaɗin suka bayyana a La Mort de Gandji, wanda ya samu kyauta a bikin fasahar baƙar fata na farko da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekarar ya fitar da Bon voyage Sim, fim na minti biyar kacal, baƙi da fari, a kan shugaban jamhuriyar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki ƙasar maƙwabta, da faretin soja da jan kafet da duk wani tsarabe-tsaraben da sababbin shugabannin Afirka suka gada daga Turawa. Mai karatu ya lissafa wahalar da kansa. Fim yana gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Ko an rage aka ce zane 12, minti biyar na motsi ba tsayawa zai ci zane 3,600, kowanne da hannu, kowanne ya ɗan bambanta da na gabansa. Shi ya sa layin Alassane yake da sauƙi, kwaɗon nasa ɗan da'ira ne da idanu da ƙafafu. Mutumin da ba shi da mataimaka ashirin dole ya nemo siffar da zai iya maimaitawa sau dubu ba tare da ta rasa rai ba. Talaucin kayan aiki ya shiga cikin salonsa, shi kuma bai ɓoye ba, bai tsaya jiran ranar da zai yi irin na Disney ba. Matasan da ke cewa sai sun samu kwamfuta mai allon zane za su fara, su nemi Sim su kalla.

Akwai wani fim nasa na 1966 da ya shafi maganarmu kai tsaye, ko da yake ba na zane ba ne: Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da bindigogi, suka canza sunaye, suka hau dawakai suka addabi garinsu. Alassane ya kalli samarin Yamai na lokacin, waɗanda finafinan kaboyi suka cika wa kai, ya mai da su labari. Bai tsine musu ba, bai kuma yi kamar ba ya cikinsu ba, domin a bayyane yake shi ma yana son dawakan da ƙurar. Na kawo wannan ne saboda zargin da ake yi wa masu zanen yanzu cewa kwaikwayon Japan kawai suke yi, manyan idanu da gashi tsaye. Zargin yana da gaskiya. Amma kwaikwayo matakin farko ne ga kowa, kuma hanyar fita daga cikinsa ita ce wadda Alassane ya bi, ya juyo ya kalli masu kwaikwayon. Labarin yaran Talladje ko Boukoki da suka ɗauki kansu jaruman Naruto, da abin da ya faru ranar da iyayensu suka gaji, labari ne na Yamai tsantsa ko da idanun mutanen cikinsa sun yi girma.

A cikin wannan fim ɗin aka fara ganin Zalika Souley, kuma abin da ya same ta shi ne mafi tsananin misalin ra'ayin 'yan kallo da na sani a tarihin birnin nan. Ta ci gaba ta fito a finafinan Oumarou Ganda, har da Le Wazzou polygame wanda ya ɗauko babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a 1972. Sau da yawa matsayin mace mai kishi ko mai taurin kai ake ba ta, mutane kuma suka kasa raba ta da matan da take fitowa a matsayinsu. An zage ta, an ƙaurace mata, rayuwarta ta yi ƙunci. Rahmatou Keïta ta ba da labarin a fim ɗinta Al'lèèssi na 2004, Zalika kuma ta rasu a 2021. Abin da aka yi mata zalunci ne, ba ni da wata kalma. Duk da haka labarin yana nuna wani abu game da Yamai ta wancan lokaci: akwai jama'ar da ke biyan kuɗi ta shiga silima ta kalli aikin 'yan gida, abin ya taɓa ta har ta fita da shi waje. Gidajen silima irin su Vox da Zabarkan da Jangorzo sun mutu ɗaya bayan ɗaya, wannan taron jama'a ya watse.

Alassane ya rayu ya ga watsewar. Ya yi F.V.V.A. a 1972, kan mace da gida da mota da kuɗi, burin sabon ma'aikaci. Ya yi Samba le grand a 1977 da 'yan tsana. Ya shugabanci sashen silima na Jami'ar Yamai shekara 15. Daga baya ya koma Tawa da zama, ya mai da wani ɓangare na otel ɗinsa wurin aiki, ya ci gaba da kwaɗinsa, har ya sa su kokowa a fim ɗin Kokoa, a garin da aka fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a 1975. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. Bayan shekara biyu gidan adana fasaha na MoMA da ke New York ya shirya nunin finafinansa. Ka tsayar da ɗaliban jami'a goma a Yamai ka tambaye su wa ya taɓa ganin Sim, za ka gane inda yabon mutumin ya fi yawa. Wannan ita ce cutar da nake magana a kai, kuma ta fi tsanani ga masu zane a takarda: mai yabo yana wuri ɗaya, mai biya yana wani wurin, wanda aka yi labarin dominsa kuma sau da yawa bai ma gani ba.

Labari cikin zane ya shigo wa yaran Nijar ne daga waje. Waɗanda suka yi lakwal tsakanin 1966 da 1989 suna tuna Kouakou, mujallar da ake bugawa a Paris a rarraba a ƙasashen Afirka masu Faransanci. Jarumin yaro ne baƙi, masu zana shi Faransawa. Akwai Tintin da Astérix ga wanda ke da katin ɗakin karatu. 'Yan gida sun samu fili ne sa'ad da bakin jarida ya buɗe: Haské ta fito a 1990, Le Républicain a 1991, shekarar babban taron ƙasa, sai jaridun barkwanci irin su Le Paon africain, daga baya Le Canard déchaîné. Zanen ba'a ga 'yan siyasa ya samu masoya nan take, domin a ƙasar da manyan da suka iya karatu ba su kai rabi ba, zane yana isa inda rubutu bai isa ba. Jarida ɗaya kan zagaya fada guda. Nan ma abin ya tsaya, mutum ɗaya ya saya ashirin su kalla. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, takarda da tawada kuwa duk daga waje suke zuwa. Jaridar da ke fama da kuɗin bugu, mai zane ne na farko da take jinkirta wa biya.

A wasu wurare abin ya kama ƙasa. A Abijan, Lassane Zohoré da abokansa sun kafa Gbich! a 1999, jaridar zane da barkwanci da mutanen gari ke saye da kuɗinsu, da Faransancin titi irin nasu. A Dakar, Goorgoorlou na T.T. Fons ya tashi daga shafin jarida ya koma talabijin. Aya de Yopougon na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie ya fito a Paris a 2005 ya ci kyauta a bikin Angoulême a 2006. A Nijar, wanda ya kai ga cikakken littafi yakan bi ta Paris ɗin ne shi ma, kamar Sani Djibo da kamfanin L'Harmattan ya buga wa Un guerrier Dendi a 2014. Abin farin ciki ne. Sai dai littafin da aka buga a Faransa da kuɗin Turai, kafin ya iso kantin littattafai a Yamai ya fi ƙarfin aljihun ɗan lakwal, kuma masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a gefen Babbar Kasuwa ba za su gan shi ba sai bayan shekaru.

To da me mai zane ke cin abinci? Amsar da kowa a cikin sana'ar ya sani ita ce aikin proje. Ƙungiyoyin agaji da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ma'aikatun gwamnati suna buƙatar zane kullum: wanke hannu, gidan sauro, allurar riga-kafi, karatun 'ya mace, auren wuri, hatsarin bin sahara zuwa Libiya. Suna biya, kuma biyansu ya fi na kowa. Ba na raina wannan aiki, saƙonnin gaskiya ne, wasu sun ceci rayuka. Abin da ke damuna shi ne abin da yake yi wa hannu idan ya daɗe. An riga an rubuta saƙon a ofis. An san wa zai yi kuskure a shafi na biyu, wa zai yi masa nasiha a shafi na huɗu, an san kowa zai yi murmushi a na ƙarshe. Mai zane ya zama kamar telan da shekara goma yake ɗinka kayan 'yan makaranta, awo ɗaya launi ɗaya, ran da aka kawo masa shaddar ango sai almakashi ya yi masa nauyi. Littafin kuma kyauta ake rabawa. Wanda aka ba kyauta ba ya ƙorafi, ba ya jiran kashi na biyu, ba ya tare mai zane a hanya ya ce don me ka kashe wane. Ra'ayin da mai zanen ke ji na jami'in da zai sa hannu a takardar biya ne kawai. Sau da yawa ma yarjejeniyar takan kwashe haƙƙin zanen gaba ɗaya, matashin kuma bai taɓa taka ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, ya yi tambaya ba. Wannan tsohon rami ne: samari biyun da suka ƙirƙiro Superman, Jerry Siegel da Joe Shuster, dala 130 ta Amurka aka ba su a 1938 suka rabu da shi.

Akwai kuma maganar addini, wadda masu sharhi da Faransanci kan tsallake ko su yi mata kallon raini, alhali ita ce ke hana yaro barci. An gaya masa mai zana abu mai rai za a ce ya busa masa rai ranar ƙiyama. Hadisan suna nan, kuma malamai sun yi bayani a kansu tun da daɗewa. Sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya, wadda yawancin mutanen ƙasar nan suka tashi a kai, shi ne haramcin ya faɗa kan mutum-mutumi mai inuwa, cikakken gaɓoɓi, na abu mai rai, zanen da ke shimfiɗe a takarda kuwa ba a kai shi ga haram ba, iyakarsa karhanci a wurin wasu. Akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, kuma suna da mabiya. Yaron da ke son ya yi zane ya kuma kwana da natsuwa yana da haƙƙin a zaunar da shi a gaya masa wannan saɓani yadda yake, maimakon a jefa masa kalma ɗaya a wuce. Abin da ya faru a Janairun 2015 ya ƙara nauyin lamarin. Bayan jaridar Charlie Hebdo ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tarzoma ta tashi a Damagaram ranar 16 ga wata, a Yamai ranar 17, mutum goma suka mutu, aka ƙona coci-coci da dama. Cin zarafin ya yi wa Musulmi ciwo na gaske, waɗanda aka kashe da waɗanda aka ƙona wa wurin ibada kuwa maƙwabta ne da ba su zana komai ba. Tun daga nan, a kunnen wasu iyaye, zanen barkwanci ya haɗu da sunan waccan jarida, yaron da bai taɓa ganinta ba yana ɗauke da laifinta.

Tunda Japan ce matasanmu ke kallo, ya dace su san yadda gwanin nasu ya fara. Akira Toriyama, mai Dragon Ball, wanda ya rasu a 2024, ya bar aikin kamfanin talla ya shiga zane ba shi da kuɗi. Labarinsa na farko da mujallar Shonen Jump ta buga a 1978, Wonder Island, shi ya zo na ƙarshe a ƙuri'ar masu karatu. Mujallar tana sa kati a kowane fitowa, yara su zaɓi labaran da suka fi so su aiko, wanda ya daɗe a ƙasa a dakatar da shi. Editansa, Kazuhiko Torishima, ya mayar masa da shafuka wajen 500 kafin Dr. Slump ya fito a 1980 ya karɓu. Dragon Ball ɗin ma, da ya fara a 1984, ya yi sanyi a ƙuri'a, sai da aka shigo da gasar faɗa, irin wadda duk mai zuwa filin kokowa zai gane daɗinta, sannan ya tashi. Tsarin yana da mugunta. Ya kashe labarai masu kyau da ke buƙatar lokaci, ya tilasta wa masu zane jan labari bayan ya ƙare, ya kwantar da wasu a asibiti. Ba na roƙon a kawo mana shi. Abin da Toriyama ya samu wanda yaronmu bai samu ba abu biyu ne a haɗe: mai karatun da ya cire kuɗinsa, saboda haka ba ya jin kunyar cewa bai ji daɗi ba, da edita ɗaya da ya zauna ya karanta shafi 500 marasa kyau domin ya hango abin da zai fito a bayansu.

Wayar hannu ta kawo wani abu mai kama da na farkon, ba ta kawo na biyun ba. Yau matashi a Yamai zai sa zanensa a Facebook ko WhatsApp da safe, kafin azahar mutum ɗari sun yaba. Wannan ci gaba ne na gaske, domin da can sai ya san wani a jarida ko a cibiyar Faransa. Amma a duba abin da ake yabawa. Hoton fuskar mawaƙi ko malami ko shugaba da aka zana ya fito kamar na kyamara, shi ke kwashe yabo, domin kowa yana iya auna kama. Shafin labari mai akwati shida, wanda sai an tsaya an karanta, kaɗan ke kula shi. A hankali mai zane yakan bi inda tafin yake, ya zama gwanin kwafe fuska, labarin da ya fara a bayan kaye ya mutu. Masu suka kuma sukan zo da abin da ba ya gyara aiki: don me yarinyar ba ta rufe kai ba, don me ka zana ɗan ƙabilar wane haka, wannan ai satar Naruto ce. Wasu daga cikin waɗannan suna da amfani, mai zanen da ke zaune cikin mutane dole ya san inda zai taka. Sukar da ya fi buƙata dai wata ce daban, irin ta mai cewa, "Ɗan'uwa, a shafi na uku na ɓace, ban gane wa ke magana ba," ko "Na san ƙarshen tun daga farko." Wanda zai faɗi haka sai wanda ya karanta har ƙarshe, kuma yana son ya ga na gaba.

A ganina misalin da ya fi kusa da mu yana Kano, kuma babu zane a cikinsa sai a bango. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa maza da mata, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, suka daina jiran manyan kamfanonin ɗab'i. Suka buga littattafansu da kansu a takarda mai araha, ƙanana, kashi na ɗaya da na biyu da na uku, kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. Aka sayar a kasuwa, aka ba da haya a unguwanni, aka karanta a rediyo. Masana sun raina su, suka kira abin adabin kasuwar Kano. Masu karatu kuwa, yawancinsu mata, suka riƙa aiko da wasiƙu, suna faɗa da marubuci kan makomar jaruma, suna neman shawara kan aurensu. Littattafan sun ƙetaro iyaka, an karanta su a Maraɗi da Damagaram da Ƙonni da Yamai. Da yawansu ba su da inganci, bugun ya cika kurakurai, amma daga cikin tarin ne gwanaye suka fito, kuma mai karatu ne ya tace su. Babu proje ko ɗaya a cikin lamarin. Yanzu marubutan sun koma waya, suna sakin shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya biya.

Abin da ya ba su wannan ƙarfi harshe ne, kuma nan ne masu zanen Yamai suka fi yin sakaci. Kusan duk abin da suke zanawa da Faransanci mutanen ciki ke magana, ko da an zana su a Katako suna cinikin katako. Wanda ya sayi shinkafa da wake a Wadata ya san ba haka ake ciniki ba. Barkwancin birnin nan, habaicinsa, wasan da ke tsakanin Bazabarme da Buzu ko Babarbare da Bafillace, duk cikin Hausa da Zabarmanci suke, idan aka juya su Faransanci gishirin ya zube. Labari cikin zane kuma ya fi kowane irin rubutu sauƙi ga mai ƙaramin karatu, jimla gajera ce, hoto yana riƙe da rabin ma'ana. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Takarda ba ta buga littafi da kanta, kuma masu Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci suna da haƙƙin ganin bakinsu a shafi su ma. Amma ga mai zane lissafin a fili yake. Shafin da aka rubuta da Faransanci yana gasa da Paris da Abijan a gaban 'yan tsirarun da suka yi nisa a lakwal. Shafin da aka rubuta da Hausa yana iya tashi daga Yamai ya bi ta Dosso da Ƙonni da Maraɗi ya sauka Katsina da Kano da Zariya, inda miliyoyin mutane suka riga suka saba biyan kuɗi su karanta labari kashi-kashi, kuma masu ba su shi cikin zane ba su da yawa.

Aikin da ke gaban mai farawa ƙarami ne, mai wuya. Shafi takwas ko goma sha biyu, baƙi da fari, wanda injin hoton takarda na bakin jami'a zai iya bugawa ba tare da layin ya dushe ba. Jarumi ɗaya da za a iya ganewa daga nesa, a kuma iya zana shi sau ɗari a mako. Farashin da ɗan koleji zai iya cirewa daga kuɗin karin kumallo. Ranar fitowa da ba ta canzawa, domin mai karatun da aka sa ya jira sau biyu a banza ba ya dawowa na uku. Sai abokin aiki da ya iya rubutun Hausa daidai, mai bambance ƙ da k, ɗ da d, saboda yawancin waɗanda suka yi lakwal a nan ba a koya musu rubuta harshen da suke magana da shi ba, mai karatu a Kano kuwa zai lura tun daga akwatin farko. Aikin proje ya ci gaba da rana, shi ke sayen shinkafa. Kashi na ɗaya wataƙila mutum talatin za su saya, rabinsu 'yan fada da dangi. Adadin da mai zanen zai sa wa ido shi ne na waɗanda ba su san shi ba, suka dawo da kuɗinsu suna tambayar kashi na biyu.